Me Ya Kawo Shi? Jagoran Gane Buƙatar Mai Bincike a Intanet da Rarrabe Ta

A Kantin Kwari, idan mace ta tsaya bakin shago ta ce "shadda," yaron shagon da ya kwana biyu a sana'ar ba ya gaggawar sauko da bandir. Sai ya dube ta tukuna. "Hajiya, ta anko ce ko ta maigida? Yadi nawa?" Wata farashi kawai ta zo ji ta wuce, domin kuɗin ba za su haɗu ba sai ƙarshen wata. Wata da kuɗinta a jaka, yau za ta saya. Wata kuma shagon wani Alhaji take nema da aka kwatanta mata a waya, sunan ya ɓace mata, abin da ta riƙe kawai shi ne yana sayar da shadda. Kalma ɗaya ce ta fito daga bakinsu su ukun, amma abin da ya fito da kowacce daga gida daban.

Akwatin bincike na Google ma bakin shago ne, sai dai babu fuska, babu murya, babu yaron da zai ce "yadi nawa?" Kalma biyu ko uku ne ke isowa, kai kuma da ke riƙe da shafin shago, ko na makaranta, ko na jarida, dole ka hango mutumin da ke bayansu. Na ɗauki shekaru ina kula da shafukan wasu 'yan kasuwa da na wata cibiyar koyar da ɗalibai a nan Kano, kuma kuskuren da na fi cin karo da shi ɗaya ne: a tara kalmomin da mutane suka buga, a ƙirga su, a ce an san abin da suke so. Ƙirga kalma kwamfuta ta fi mu iyawa. Abin da ke buƙatar hankalin mutum shi ne gane aikin da mai binciken yake son kammalawa kafin ya ajiye waya ya shiga wata sabga. Ga hanyar da nake bi, daki-daki.

Abu uku da ake yawan cakuɗawa

Akwai rubutun bincike, wato abin da mutum ya buga a akwati sau ɗaya. Akwai zama, wato duk abin da ya buga tun daga ɗaukar waya har ajiye ta. Sai kuma aiki, buƙatar da ta sa shi binciken tun farko.

Ɗauki magidanci a Gwale da zai aurar da 'yarsa bayan Babbar Sallah. Daren Talata ya buga "farashin gado da katifa a kano", ya biyo da "kujerun falo na zamani". Can ya tuna an yi wasa, ya duba yadda Kano Pillars ta tashi, sannan ya dawo kan "kayan kicin na amarya". Ranar Asabar da safe ya sake ɗaukar waya ya nemi lambar wani kafinta. Rubutu biyar ke nan, zama biyu. Amma hidima ɗaya ce ke ci masa tuwo a ƙwarya, kayan ɗaki, sai ɗan ƙaramin aiki na ƙwallo da ya ratsa tsakani. Wanda ya ƙirga rubutu zai ga mutum mai buƙata biyar. Wanda ya gane aikin zai ga uba mai lissafin aljihu, kuma zai san shafin da ya dace da shi: wanda ya haɗa masa gado da kujeru da kwanuka wuri ɗaya, da farashi a gefen kowanne.

Rukunan da masana suka fitar, da waɗanda nake aiki da su

A 2002, Andrei Broder, wanda ya yi aiki da injin bincike na AltaVista, ya raba binciken intanet gida uku. Na farko mai neman wani shafi takamaimai da ya riga ya sani. Na biyu mai neman sani. Na uku mai son aikata wani abu, kamar saye ko sauke fayil. Da ya tantance samfurin rubutun da mutane suka buga, ya samu kusan kashi 48 cikin 100 neman sani ne, 30 aikatawa, 20 neman shafi. A 2004 Daniel Rose da Danny Levinson suka ƙara tsattsefe rukunin neman sani: akwai mai tambaya da ke da amsa ɗaya tak, akwai mai son sanin komai game da abu, akwai mai neman shawara, akwai mai neman inda zai samu abu, akwai mai son jeri ya zaɓa. A 2008 kuma Bernard Jansen da abokan aikinsa suka yi nasu nazarin a kan injin Dogpile, suka ce sama da kashi 80 neman sani ne, sauran rukunan biyu kusan goma-goma.

Dubi tazarar, 48 a can, 80 a nan. Injin daban, shekara daban, ma'anar da kowa ya bai wa rukunan ma daban. Saboda haka duk wanda ya kwaso maka waɗannan alƙaluma ya ce haka mutanen Kano suke bincike, kada ka karɓa. Sunayen rukunan za ka ara, ƙidayar taka ce za ka yi.

Kundin ƙa'idojin da Google ke bai wa masu tantance ingancin sakamakonsa ya ƙara wani rukuni da wayar hannu ta haifar, wato mai neman wurin da zai je da ƙafarsa. Da na haɗa waɗannan da abin da nake gani a kasuwancin garin nan, rukuni shida nake aiki da su.

Mai neman ƙofa ya san inda za shi, adireshin ne bai riƙe ba: "buk portal", "bbc hausa", "freedom radio kano". Mai gajeriyar tambaya amsar layi ɗaya yake so, kamar lokacin shan ruwa yau, ko lambar da ake dannawa a ga NIN. Mai neman koyo zai zauna ya karanta ko ya kalla: yadda ake kiwon kaji, hukuncin rabon gado, yadda ake haɗa sabulu. Mai zagaya kasuwa bai yanke shawara ba tukuna, yana auna wannan da wancan, gezna da wadda ba ta kai ta ba, Tecno da Infinix. Mai aikatawa ya gama shawara, biya zai yi, ko rajista, ko saukewa. Mai zuwa da ƙafa kuma kwatance yake nema, "mai gyaran sola kusa da hotoro", ko ƙarfe nawa ake buɗe wani ofis.

Abu ɗaya zan ja hankali a kai, domin littattafan waje ba za su gaya maka ba. A Kano ciniki ba kasafai yake ƙarewa a kan shafi ba. Kira ake yi, ko a koma WhatsApp, a ga hoto, a taya, a sallama, a tura kuɗi. Don haka idan ka ga an buga "lambar wayar mai sayar da atamfa a kwari", kada ka sa shi cikin masu gajeriyar tambaya don kawai amsar lamba ce. Mai aikatawa ne, hannunsa na kan aljihu.

Mataki na farko: rubuta tambayarka

Layi ɗaya ya isa. "Wane shafi ya kamata in fara gyarawa kafin azumi?" ko "Me iyayen ɗalibai suke nema da ba mu da shi?" Idan babu wannan layin, za ka kwashe mako kana lakaba wa kalmomi suna, ka tashi ba ka san abin da za ka yi da su ba.

Mataki na biyu: tara abin da mutane suka buga da hannunsu

Kada ka zauna a ɗaki ka ƙago abin da kake zaton mutane na nema. Gani ya kori ji.

Idan kana da shafi, haɗa shi da Google Search Console, manhajar Google da ke nuna yadda shafinka ke fitowa a bincike, kyauta ce, sai dai ka tabbatar musu shafin naka ne. A rahoton da suka kira Performance za ka ga rubutun da aka buga har shafinka ya fito, sau nawa ya fito, sau nawa aka danna, da matsayinsa a jeri. Bayanan wata 16 yake riƙewa, kuma za ka iya sauke layi har 1,000 zuwa Excel ko Google Sheets. Ka san iyakarsa guda uku. Ba ya nuna maka wane ne ya buga, balle abin da ya buga kafin nan da bayan nan. Yana ɓoye rubutun da mutane ƙalilan ne suka yi, don kare sirrinsu. Sannan binciken da shafinka ya fito a ciki kaɗai yake nunawa, ma'ana buƙatar da ba ka taɓa rubutu a kanta ba ba za ka gan ta a nan ba, alhali sau da yawa ita ce ta fi tsada.

Don cike wannan giɓi, buga farkon jimla a Google ka ga abin da zai ƙarasa maka: "yadda ake", "farashin", "maganin", "ina ake sayar da". Yi haka a YouTube da TikTok, domin matasanmu da yawa can suke fara nema. Google Trends zai nuna maka tashi da saukar kalma har a matakin jihar Kano, amma lambobinsa daga 0 zuwa 100 ma'aunin kwatanci ne, ba yawan mutane ba. Idan shafinka na da nasa akwatin bincike, abin da aka buga a ciki zinari ne. Haka saƙonnin farko da kwastomomi ke turowa ta WhatsApp, su ma bincike ne, mutum aka tambaya maimakon inji.

Hanyar da ta fi kowacce koya mini ita ce zama da mutum. Ka nemi mutum biyar ko shida irin waɗanda kake yi wa aiki, ka roƙi izininsu, ka ce, "Malam, a ce yau za ka biya wa yaro kuɗin jarrabawa, nuna mini yadda za ka nema a wayarka." Ka yi shiru ka kalla. Kada ka gyara masa rubutu, kada ka nuna masa inda zai danna.

A nan dole in tsaya kan amana. A watan Agustan 2006, kamfanin AOL na Amurka ya saki rubutun bincike kusan miliyan 20 na mutane sama da 650,000 domin masu nazari. Sun cire sunaye sun sa lambobi, suna ganin hakan ya wadatar. Cikin 'yan kwanaki jaridar New York Times ta gano wata dattijuwa daga abubuwan da ta bincika kawai, har ƙofar gidanta. Mutum yakan gaya wa akwatin bincike abin da ba zai gaya wa amininsa ba: ciwo, bashi, rikicin aure. Kafin komai ya shiga teburin da kake tara rubutun a Excel ko Google Sheets, goge suna, lambar waya, adireshin gida da lambar asusu. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma ko babu doka, tonon asiri ba halin kirki ba ne.

Mataki na uku: tsaftacewa, inda Hausa ke da nata sha'ani

Yawancinmu ba ma sa lanƙwasa a waya. Sai ka ga "bakin yadi", ko baƙin yadi ake nufi, ko bakinsa na gefe da tela ke kalmasawa? "Farashin gari" na fulawa ne, na rogo ne, ko na masara? "Kasa" kuwa tana iya zama ƙasar gini, ko ƙasa irin Najeriya, ko macijiya. Kada ka gyara rubutun asali. Buɗe gurbi na biyu a gefensa cikin teburin ka rubuta fassararka, domin wata rana za ka so komawa ka ga ainihin abin da aka buga.

Sai bambancin rubutu: yadda da yanda, atamfa da atampa, leshi da les, ga kuma gauraya Hausa da Turanci a jimla ɗaya, irin "yadda ake checking result na jamb". Duk waɗanda buƙatarsu ɗaya ce, haɗa su ƙarƙashin suna ɗaya ka tara adadinsu. In ba ka yi haka ba, babbar buƙata za ta tarwatse zuwa ƙananan layuka ashirin, kowanne ya zama kamar bai kai a kula shi ba, wata ƙaramar buƙata mai rubutu iri ɗaya ta haye sama. Ƙara gurbi na uku na harshe: Hausa, Turanci, ko gauraye. Za ka ga amfaninsa nan gaba.

Tun ƙarshen 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da ake iya bincike da murya. Rubutun da ya fito daga murya yakan yi tsawo, kamar magana, wani lokaci da kalmar da injin ya ji ba daidai ba. Idan ka ga layin da ba shi da ma'ana a ido, karanta shi da ƙarfi kafin ka jefar.

Mataki na huɗu: ɗinke rubutu su zama aiki

Wannan matakin sai kana da jerin abin da mutum ɗaya ya yi, daga akwatin binciken shafinka ko daga zaman kallo. Manhajojin ƙididdiga irin Google Analytics suna yanke zama idan mutum ya yi minti 30 bai taɓa komai ba. Ƙa'ida ce mai sauƙi ga inji, amma ba ta san rayuwar mutum ba. A 2008, Rosie Jones da Kristina Klinkner na kamfanin Yahoo suka nuna cewa kowane tsawon lokaci aka zaɓa, yanka da agogo ba ya wuce kusan kashi 70 cikin 100 wajen dacewa da iyakar aiki ta gaskiya. Sun kuma nuna ayyuka kan shiga cikin juna, kuma ƙananan buƙatu kan taru ƙarƙashin babbar hidima, kamar dai magidancinmu na Gwale.

A nan garin dalilan tsinkewa ma sun fi yawa. An kira sallah, data ta ƙare, caji ya mutu, an shigo da baƙi. Ɗalibin da ya fara neman makin shiga Jami'ar Bayero kafin Magariba ya dawo bayan Isha'i yana neman ranar tantancewa, aiki ɗaya yake yi, ko agogo ya ce biyu.

Tambayar da nake yi tsakanin kowane rubutu da mai bi masa ita ce: da ya samu cikakkiyar amsar na farko, zai buga na biyun? Idan ba zai buga ba, to gyaran tambaya ne, buƙata ɗaya ce bai samu biyanta ba. Idan zai buga amma abin na da dangantaka, sabuwar buƙata ce a cikin hidima ɗaya. Idan babu dangantaka, aiki ne daban.

Gyaran tambaya shi ne wurin da nake fi daɗewa, domin nan mutum ke faɗa maka inda aka gaza masa. Wanda ya ƙara kalma, daga "kiwon kaji" zuwa "kiwon kaji a gida da ƙaramin jari", an ba shi amsar manyan gonaki ne, shi kuwa tsakar gida yake da shi. Wanda ya rage kalma bai samu komai ba. Akwai kuma wanda ke taɓa mini zuciya duk lokacin da na gani: ya buga da Hausa, ya sake gyarawa da Hausa, a karo na uku ya koma Turanci mai tangal-tangal. Wannan mutumin harshensa ya fara nema, bai samu kowa a gida ba. Duk inda ka ga haka, ja layi a ƙarƙashinsa, rubutun da ya kamata ka fara yi ke nan.

Mataki na biyar: lakaba rukuni

Kada ka ce sai ka gama layi dubu. Ɗauki 100 mafi yawan fitowa, ka ƙara wasu 100 da ka tsinto barkatai daga ƙasan jerin. Na ƙasan na da muhimmanci, domin Google da kansa ya ce kashi 15 cikin 100 na binciken da yake gani kullum sabo ne, ba a taɓa buga irinsa ba. Saman jeri sunan shagonka ne da kalmomin kowa da kowa, buƙatu masu zurfi suna can ƙasa.

Shaida uku nake dubawa kan kowane layi. Ta farko kalmomin kansu. "Yadda ake", "dalilin da ya sa" da "bayani kan" suna nuna koyo. "Nawa ne", "yaushe" da "ƙarfe nawa" gajeriyar tambaya. "Wanne ya fi" da "bambancin" zagayen kasuwa. "Sauke", "rajista", "biya" da "lambar waya" aikatawa. Sunan unguwa, ko "kusa da", ko "ina ne", zuwa da ƙafa. Sunan hukuma ko kamfani shi kaɗai, neman ƙofa.

Ta biyu, buga rubutun da kanka a waya ka ga abin da ya fito. Idan taswira ce a sama, injin ya lura masu wannan tambaya tafiya suke son yi. Idan bidiyo ne, koyo da ido suke so. Amma ga rubutun Hausa ka yi hattara da wannan shaidar, domin wani lokaci abin da ya fito shi ne kawai abin da ke akwai.

Ta uku, abin da mutane suka yi bayan sun gani. Binciken neman ƙofa kusan kowa wuri ɗaya yake dannawa. Na koyo kuwa dannawar kan watsu. Rashin dannawa ma ba kullum gazawa ba ne. Wanda ya nemi lokacin fitowar alfijir ya gan shi a saman sakamako, ya samu abin da ya zo nema, ya tafi ya yi sahur.

Wasu layukan ba za su yarda da rukuni ɗaya ba. "Farashin buhun masara a dawanau" na iya zama manomi mai son sayarwa, ko mai gidan kaji da zai saya, ko ɗan jarida. Ba shi babban rukuni da na biyu. Wanda ya gagare ka gaba ɗaya, irin "shadda" ita kaɗai, sa shi a rukunin da ba a gane ba. Gara wannan rukunin ya cika da ka cusa zato cikin ƙidaya.

Akwai layukan da nake yi wa jar alama ko wane rukuni suka faɗa: lafiya, kuɗi, shari'a, addini. Uwar da ta buga "maganin zazzabi na jariri" da tsakar dare shawara take nema, kuma amsar banza na iya jawo asarar rai. Idan ba fanninka ba ne, shafinka ya nuna mata asibiti, kada ya rubuta mata magani.

Mataki na shida: kira mutum na biyu

Rubuta ma'anar kowane rukuni a takarda guda, da misali uku-uku. Ba wani takardar tare da layi 100 da ka riga ka lakaba, ba tare da ya ga naka ba. Zai fi kyau a samu wanda ke hulɗa da kwastomomi kullum, yaron shago ko mai karɓar baƙi a makaranta, da ɗan gari akan ci gari. Sannan ku zauna kan inda kuka saɓa. Mafi yawan lokuta za ku tarar ma'anar ce ba ta fito ba, sai ku gyara takardar ku sake gwadawa da wasu sababbin layuka.

Ɗalibin da ke rubuta kundin kammala karatu kada ya tsaya kan "mun dace a 80 cikin 100". Idan yawancin layukan rukuni ɗaya ne, ko da zato kawai mutum biyu suka yi za su dace sau da yawa. Ma'aunin kappa da Jacob Cohen ya fitar a 1960 yana cire rabon da sa'a kaɗai za ta bayar, shi ya kamata a kawo.

Mataki na bakwai: koma kan tambayarka

Yanzu ƙirga, kuma ka ƙirga sau biyu: yawan buƙatu daban-daban a kowane rukuni, da yawan fitowarsu. Sannan nemi inda shafinka ke fitowa da yawa amma ba a dannawa, ko ake dannawa a fice nan take. Galibi a nan za ka tarar siffar shafin ta saɓa da aikin. Mutum ya zo da gajeriyar tambaya an tare shi da sakin layi biyar na gabatarwa, yana kallon datarsa na tafiya.

Mai gajeriyar tambaya a ba shi amsa a layin farko. Mai zagaya kasuwa a jera masa kaya gefe da gefe, kuma a rubuta ranar da aka sa farashin, domin farashin watan jiya a kasuwar Singa labari ne. Mai aikatawa a sa masa maɓallin kira da na WhatsApp inda babban yatsa zai kai ba tare da ja ƙasa ba. Mai neman ƙofa yana buƙatar sunanka ya zama iri ɗaya a allon shago, a Facebook da a Google. Mai zuwa da ƙafa a yi masa rajistar wurin a Google Business Profile, wanda ke sa wuri ya fito a taswirar Google, sannan a rubuta kwatance irin namu, domin lambar gida ba ta kai mai adaidaita sahu ko'ina. A faɗi ƙofar da za a shiga, layin da za a bi, masallaci ko gidan man da ke kusa, da lokacin da ake rufewa ranar Juma'a. Mai koyo shi ne za a yi wa dogon rubutu, da Hausar da ake magana da ita.

Rabon rukunan ba ya tsayawa wuri ɗaya. Kafin azumi masu zagaya kasuwa ke yawa, goman ƙarshe su rikiɗe su zama masu aikatawa, kowa na neman tela da zai karɓi ɗinki. Lokacin fitowar sakamakon jarrabawa masu neman ƙofa kan rufe kowa. Da kaka hankali ya koma Dawanau. Ni sau huɗu nake maimaita aikin a shekara, kuma kowane karo sabon tebur nake buɗewa da kwanan wata a kansa, ba na goge tsohon. Tunda Search Console wata 16 kawai yake riƙewa, sauke naka ka adana tun kafin ya share. Idan kuma ka zo kwatanta bana da bara a harkar da ta shafi azumi, Sallah ko aikin Hajji, bi watan Musulunci. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11 duk zagayowa, don haka Sha'aban za ka ɗora kan Sha'aban, Ramadan kan Ramadan, ko da ɗaya ya faɗo a Maris ɗaya a Fabrairu.